Mutum Uku da Suka Tafi Gabas

Hashimu ya kai shekara arba'in da ɗaya a duniya ba shi da takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunansa. A Jidda aka haife shi, a Riyad ya yi gemu, ya yi aure, ya haifi 'ya, amma da za ka bi ofisoshin ƙasar kaf ba za ka ga inda aka rubuta cewa akwai shi ba. Larabawa Takari suke ce masa, 'yan Najeriya sababbin zuwa su ma haka, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Shekara goma sha huɗu yana aiki a shagon kafet na wani Balarabe, Abu Fahad, a kasuwar Dira. Ya naɗe, ya saɓa, ya ɗora a mota, ya kai gidan mai saye ya shimfiɗa. In ya hango masu duba takardu sai ya faɗa lungu. Haka ya tarar manyansa suna yi, kuma mutum in ya daɗe yana ɓuya sai ya ɗauka zaman duniya ke nan.

A shekarar 2013 hukuma ta sa wa'adi. Kowane baƙo ya gyara takardunsa kafin sabuwar shekarar Musulunci, bayan nan sai kame, har da mai shagon da ya ajiye wanda ba shi da iƙama, wato izinin zama. Abu Fahad ba mugu ba ne, kuma bai yi masa rufa-rufa ba. Ya ce in Hashimu ya kawo fasfo zai tsaya masa kafili, wato mai lamunin baƙo, ya bi masa duk hanyar da ake bi. In bai kawo ba, ranar da wa'adi ya cika ita ce ranarsa ta ƙarshe a shagon. Baki huɗu ne ke ci daga wannan aiki: shi, da matarsa Rekiya, da 'yarsu Rufaida, da kakarsa Gogo Biba.

A ofishin jakadancin Najeriya, bayan layin kwana biyu, ya isa gaban wani ma'aikaci Bazazzagi mai suna Ghazali.

"Sunanka?"

"Hashimu."

"Ɗan wa?"

"Maiwada."

"Maiwada laƙabi ne, ɗan'uwa. Sunan yanka nake tambaya."

Hashimu ya ce wannan kaɗai ya sani.

"To, kakanka fa?"

"Malam."

Ghazali ya ajiye biro. "Malam wa? Ni ma Malam ne. Mai gadin ƙofar can da ka wuce, shi ma Malam ne."

Hashimu ya ba shi labari kamar yadda ya sani. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, da matarsa da ɗansu ƙarami, da niyyar hajji. Ya rasu a Sudan yana aikin auduga, bai ko ga teku ba. Matar ce ta tsallako da yaron. Yaron ya girma, ya yi aure a Jidda, ya faɗo daga gini ya mutu Hashimu yana shekara huɗu. Uwarsa kuma aka kama ta a wani samame aka fitar da ita, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Gogo ce ta raine shi da tallan gyaɗa.

Ghazali ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yarda da kai. Amma yardata ba takarda ba ce. Jin Hausa ba ya ba mutum fasfo, akwai Hausawa a Nijar, akwai a Chadi, akwai a Sudan. Abin da nake bukata takardar dagacin garinku, ya shaida cewa kai jinin gidan wane ne, ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Ka samo mini sunan gari da sunan kakanka. Sauran zan taya ka."

Hashimu ya fito yana ganin abu ya zo da sauƙi. Ai Gogo tana nan da ranta, da hankalinta.

Ya same ta bayan la'asar a ɗakinsu na unguwar Ulaisha, ta miƙe ƙafa a kan tabarmar roba tana ɓare tafarnuwa. Ta haura tamanin, idonta ya yi hazo, amma bakinta bai tsufa ba.

"Ga angona ya dawo hannu rabbana," in ji ta. "Rekiya, ni dai na yi asarar miji."

"Gogo, yau ba wasa na zo ba. Wane gari kuka fito?"

"Kwarin Ɗinya mana, ƙasar Zazzau. Sau nawa zan faɗa maka? Akwai rafi ta gabas, akwai dutse mai kamar turmi. In ka haura kaɗan sai asibitin mishan, inda Turawa suke yi wa yara lamba."

"Madalla. To, Malam, yaya sunansa?"

Ta daina ɓarar tafarnuwa. "Wane Malam?"

"Mijinki."

"Kai ne mijina, sunanka kuwa na sani."

"Gogo!"

"Kai, tashi ka ba ni wuri, marar kunya. Ni ce zan kama sunansa da bakina? Yana raye ban kama ba, sai yanzu da yake kwance?"

"To na Baba fa?"

"Ɗan farin nawa? Rekiya, zo ki ji abin da zaman Larabawa ya yi wa yaron nan."

Ya yi lallashi, ya yi bayani, ya kawo maganar kame da korar aiki. Ta ce Allah da ya ciyar da su shekara sittin ba takarda bai mutu ba. Ta juya fuskarta bango.

Kunya ado ce, ba mai musu. Mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, haka aka gada. Amma a gida, in uwa ta yi shiru, akwai baffa, akwai gwaggo, akwai liman da ya raɗa sunan, akwai gari guda da ke riƙe da shi. Waɗanda suka ɗauko kunyar suka taho da ita Gabas ba su ɗauko garin ba. Ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunani, kuma jikoki ne suka zo suna girbe abin.

Hashimu ya koma wa Ghazali da sunan gari kawai. Ghazali yana da wani ƙanen uba a Zariya, tsohon malamin makaranta mai son bin tsofaffin takardu, sai ya roƙe shi. Mako bakwai suka wuce. Kullum Hashimu yana saɓa kafet yana taɓa wayarsa a aljihu. A kasuwar Batha mutane sun cika ofisoshin tikiti, wasu suna sayar da katifu da tukwane a bakin hanya za su koma gida. Shi ko gidan da zai koma ba shi da shi.

Saura kwana ashirin da uku Ghazali ya kira shi, ya nuna masa hotuna a waya. Tsohon ya samo abu biyu. Na farko, takardar ƙidayar magidanta ta zamanin En'e, a cikin akwatin wani tsohon magatakardan hakimi da ya rasu. Gidaje talatin da huɗu a Kwarin Ɗinya, kuma a gaban suna uku wani ya ƙara da jan alƙalami: ya tafi Gabas. Uwaisu, Zubairu, Salihu. Na biyu, littafin asibitin mishan, wanda limamin cocin wurin ya buɗe masa. A shafin lamba na shekara ɗaya akwai yara maza uku a jere: Adamu ɗan Uwaisu, Isa ɗan Zubairu, Musa ɗan Salihu.

Hashimu ya ƙura wa rubutun ido. Bokon ma da ƙyar yake haɗa shi. Ɗaya daga cikin yaran nan ubansa ne, an riƙe masa hannu an tsaga, ya yi kuka, wata Baturiya ta rubuta sunansa. Ga shi a tafin hannunsa, amma bai san wanne ba.

"An yi magana da dagaci," in ji Ghazali. "Ya ce a shirye yake, ka faɗi gida kawai. Sai dai akwai abu ɗaya. Zubairun nan baƙo ne, daga Damagaram ya zo cin rani ya zauna. In shi ne kakanka, ba ƙofarmu za ka buga ba, kuma can ɗin ma ba ka da wanda zai shaide ka."

Rekiya ce ta kawo dabara. Ta ce tun da Gogo ba za ta faɗa ba, kada a sa ta faɗa. A karanta mata sunayen a duba fuskarta. Macen da ta ji sunan mijinta ba ta iya ɓoyewa.

Da safe, bayan ta sha kunu, Hashimu ya zauna gabanta, Rekiya tana tsaye bakin ƙofa.

"Gogo, gaisuwa aka aiko miki daga Kwarin Ɗinya. Gidan Uwaisu suna gaishe ki."

"Ina amsawa," in ji ta, tana lasar cokali.

"Gidan Zubairu suna gaishe ki."

"Ina amsawa."

"Gidan Salihu."

Gogo ta ajiye cokali. Ta jawo gefen mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai kamar yarinya.

Rekiya ta dafe ƙirji. Hashimu ya tashi ya fita tsakar gida. Musa. Sunan ubansa Musa. Ya faɗa a hankali sau uku. Bai koma ya tambaye ta komai ba, don yana ganin ya riga ya ci mutuncinta iya ci, kuma lokaci yana ƙurewa.

Ran nan da azahar, a ofishin Ghazali, aka kira dagacin Kwarin Ɗinya, aka buɗe murya kowa yana ji. Bayan doguwar gaisuwa Hashimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni jikan Salihu ne. Ubana Musa."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Tsohuwar ce ta faɗa?"

"Ita ce."

"Za ka rantse?"

"Wallahi, ranka ya daɗe."

Dagaci ya ce a dakata. Aka ji yana aika wani, aka ji kukan awaki da muryoyin mata daga nesa. Suka jira kusan minti goma, sannan wata murya ta tsoho ta shigo, tana haki.

"Salamu alaikum. An ce kai ɗan Musa ne, ɗan Salihu?"

"Ni ne, Baba."

"To, ni ne Musa ɗan Salihu. 'Ya'yana tara, duk na san inda suke. Malam ya tafi ya bar ni wurin ƙanensa saboda ina ciwon ƙafa, ya ce shekara biyu zai dawo. Da innata Hajo ya tafi." Ya tsaya ya yi tari. "Yaro, ko ka san inda aka binne su?"

Ghazali ne ya karɓi wayar ya ba da haƙuri. Dagaci ya ce, ba da faɗa ba, "Malam Ghazali, hannuna ba na haya ba ne. Mutum ya rantse da Allah a kan kaka, ga kakan ya tashi ba nasa ba. Saura biyu, ɗaya namu, ɗaya ba namu ba, kuma duka gidajen sun watse, ba wanda zan tambaya. In tsohuwar ta san suna, in ji daga bakinta. Ban da haka kada a sake kirana."

Hashimu ya dawo gida ya tsaya a kan Gogo, abin da bai taɓa yi ba.

"Me ya sa kika rufe fuska?"

"Yaushe?"

"Da na ce Salihu!"

Hannunta ya sake kaiwa ga mayafi. "Kai, bar kama sunan nan gatsau. Ai malaminsu ne. Shi ya karantar da mai gidan, shi ya ja mu hanya. Uba ne a wurinmu. A Fort Lami ta ƙasar Chadi muka binne shi, matarsa kuma zazzaɓi ya ɗauke ta kafin mu shiga Sudan."

Rekiya ta sulale ta zauna a ƙasa. Hashimu ya durƙusa, ya gaya wa Gogo duk abin da ya faru, da rantsuwar, da tsohon da aka bari da ciwon ƙafa yana jira shekara sittin. Ya ce mata saura kwana ashirin da biyu. Ya ce in aka kama shi ba ƙasar da za a kai shi, sai dai ya zauna a tsare, su kuma su uku ba mai kawo musu ko burodi. Bai ɗaga murya ba. Da ya gama, hawaye yana bin gemunsa.

Gogo ta ce, "Rekiya, ba ni ruwa."

Ta kurkure baki, ta gyara zama, ta fuskanci alƙibla. Ta ce Allah ya yafe mata, shi ma mai gidan ya yafe mata. Ta buɗe baki.

Suka jira.

Leɓɓanta suka motsa. Ta rufe ido, ta yamutse goshi. Ta sake buɗe baki.

"Uwaisu ne?" in ji Hashimu a hankali. "Ko Zubairu?"

"Dakata."

"Baba fa? Adamu ko Isa?"

"Na ce ka dakata." Muryarta ta canza. "Dogo ne. Yana da tsage uku nan. In zai yi dariya sai ya rufe baki, don haƙorinsa ɗaya ya karye. Ranar da ya rasu ya ce in dafa masa kunun tsamiya, babu tsamiya a garin." Ta lalubo hannun Hashimu ta riƙe. "Ranar ɗaurin aure aka faɗa mini, sau ɗaya. Na yaron kuma ina ɗaki aka leƙo aka faɗa. Na ajiye su wuri mai kyau don kada su kuɓuce mini a gaban mutane. Yanzu na je ɗauka, ban tarar ba."

"Ki sake dubawa, Gogo."

"Ina dubawa, ɗan nan. Babu."

Kwanakin da suka biyo baya ba abin da ba a gwada ba. An karanta mata sunayen da safe, an karanta da yamma. Rekiya ta nemo tsamiya a Batha ta dama mata kunu ko ƙamshin zai tayar da wani abu. Hashimu ya bi tsofaffin Takari na unguwa, ya buga waya Jidda da Makka. Kowa ya san Maiwada, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki. Ba wanda ya taɓa jin wani suna ban da wannan. Gogo ta rage ci, ta daina tsokanarsa. Sai a gan ta zaune tana motsa baki ita kaɗai.

Saura kwana huɗu Rekiya ta tare shi a kicin.

"Baban Rufaida, ka ce mata ta ce Uwaisu."

"In ba shi ba ne fa?"

"In shi ne fa? Biyu ne, ɗaya gaskiya ne. Wa za a cuta? Mutanen nan duk sun mutu."

"Na riga na rantse sau ɗaya a kan ƙarya."

"Ba da sani ka yi ba. Yanzu kuma ba kai za ka rantse ba, kalma ɗaya za ta faɗa. Ko so kake mu koma tallan gyaɗa, ni da 'yarka?"

Ya san abin da malamai suke faɗa a kan mai jingina kansa ga uban da ba nasa ba. Ya sani sarai. Amma yunwa da tsoro sun fi wa'azi kusa da kunne, kuma wanda bai taɓa tsayawa inda ya tsaya ba ya rage saurin zagi. Ya je ya durƙusa gaban Gogo ya roƙe ta. Ta saurara, ta ce, "To." Ya sa ta maimaita sunan sau biyu, ta maimaita, ba ta rufe fuska ba.

Washegari da hantsi ya kira dagaci da wayarsa.

"Ranka ya daɗe, ta tuna. Uwaisu ne."

"Ba ta wayar."

Ya kara mata a kunne. Gogo ta gaishe shi gaisuwar da ba a yi yanzu. Ta tambayi rafi, ta tambayi dutse mai kamar turmi, ta tambaya ko ɗinyar bakin kasuwa tana nan. Ta ce a gaya wa ɗan malaminsu cewa ubansa yana Fort Lami, bayan masallacin Hausawa, an yi masa sutura yadda ya kamata. Hashimu ya ji dagaci ya yi salati. Zuciyarsa ta ɗan buɗe.

"To, Iya," in ji dagaci, "mai gidanki, yaya sunansa?"

Gogo ta juya idanunta masu hazo wajen jikanta. Ya gyaɗa mata kai, ya sake gyaɗawa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "yaron nan ya ce in ce wani suna, na ce masa to, don na ga yana kuka. Amma in ba shi ba ne, na ba wani namiji aurena ke nan, na ba shi ɗana, ga ni da ƙafa ɗaya a kabari. Ban sani ba. Wallahi na manta."



"Allah ya saka miki, Iya," in ji dagaci. "Ba ni yaron." Hashimu ya karɓa. "Na yarda daga garin nan kuka tashi. Amma takardar gida take tambaya, ba gari ba, kuma sau biyu ke nan kana kawo mini abin da ba haka ba. Ba zan sa hannu ba. Allah ya kawo maka mafita."

Wayar ta mutu. Rekiya ta fita daga ɗakin ba ta dubi kowa ba.

"Ka yi fushi da ni?" in ji Gogo.

Hashimu ya kira Ghazali ya gaya masa. Ghazali ya ce zai ajiye hotunan, ko wata rana wani abu ya fito, amma shi a yanzu ba abin da ke hannunsa.

Ranar da wa'adi ya cika, Hashimu ya je Dira tun da sassafe. Rabin shagunan layin a rufe suke. Ya share shago, ya jera kafet ɗin da aka sauke jiya, ya ciro mabuɗin mota daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Abu Fahad ya rungume shi, ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ya zo da fasfo. A bakin shago wani Basudane mai sabuwar iƙama yana tsaye yana jira a nuna masa aikin.

Bai hau mota ba, don an ce ana tare motoci a Batha. Ya bi lungu-lungu da ƙafa har Ulaisha, ya shiga gida rana tana tsaka, ya sa sakata.